Yadda na gyara jirgin kwalin da ya ƙi tafiya a iska

Kwana uku ina fama da jirgin wasan da na haɗa wa ɗan ƙanwata. Jikinsa karan dawa ne mai tsawon santimita 30, fiffike da wutsiya kuma kwalin shayi. Da an jefa shi sai ya ɗaga kai sama, ya tsaya cak, ya rikito ƙasa.

Na ɗauka ƙarfin jifa ne bai isa ba, na ƙara, abin ya daɗa lalacewa. Na yanko fiffike mai faɗi, duk ɗaya.

Ashe nauyi ne ya taru a baya. Da na ɗora shi a kan yatsu biyu, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, ba ya daidaita sai yatsun sun kusa kai gefen baya. Inda ya kamata ya tsaya shi ne wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken daga gaba. Faɗin nawa fiffiken santimita 6 ne, sai na yi alama a santimita 2.

Na soka ƙusa cikin karan ta hanci. Ta farko ta yi nauyi, ya riƙa kifewa da ka. Na sauya ƙarama, ina turawa a hankali har ya daidaita a kan alamar, sannan na naɗe wurin da salatif don kada ta ji wa yaro ciwo. Da na ga yana karkata hagu, na ɗan ɗaga ƙarshen fukafukan biyu sama daidai wa daida.

Jifa kuma a hankali, hanci ɗan ƙasa-ƙasa. Alhamdulillahi, yanzu yana ƙetare tsakar gidanmu lafiya.