Shawara Ga Masu Shiga Gadon Fitilun Duhunta Fata

Duk wanda ya yi niyyar kwanciya a gado mai fitilun UV (wato haske marar ganuwa irin wanda ke cikin hasken rana mai ƙona fata) domin launin fatarsa ya ƙara duhu, ya kamata ya san cewa tun a shekarar 2009 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya waɗannan na'urori a rukuni ɗaya da taba sigari, wato cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. A Ingila ma doka ta hana masu shagunan irin wannan gado barin wanda bai kai shekara 18 ba ya kwanta a ciki, don haka a ganina ƙaurace wa waɗannan na'urori ya fi.

Wanda ya dage sai ya shiga, to lallai ya sanya tabarau na musamman da aka yi domin wannan aiki, saboda rufe ido kawai ba ya wadatarwa, hasken yana ratsa fatar ido mai laushi har ya lahanta abin da ke ciki. Mai shan magani irin doxycycline (maganin kashe ƙwayoyin cuta) ko isotretinoin (maganin kurajen fuska) ya dakata, ya fara tuntuɓar likita, domin suna sa fata saurin ƙonewa. A goge turare da kwalliya tukuna, a taƙaita lokacin zama, sannan a bar aƙalla sa'o'i 48 tsakanin shiga ɗaya da wata.

Idan wani tabo a jiki ya sauya launi ko girma, ko ya fara zubar da jini, a garzaya wurin likitan fata.