Idan an tura ka sashen ƙididdiga a ma'aikatar tarayya, ga yadda za ka haɗa kan alƙaluma

Kusan kowace ma'aikata a sakatariyar tarayya nan Abuja tana da sashen da ake ce wa PRS, wato tsare-tsare, bincike da ƙididdiga, tun gyaran aikin gwamnati na 1988 aka fito da shi. Mutane da yawa in an tura su can sai ransu ya ɓaci, wai ba wurin maiƙo ba ne. Ni kam ina ganin babu sashen da ya fi shi nauyi, domin da alƙaluman da ke fita daga nan ake yanke shawarar inda za a gina asibiti, da yawan malaman da za a ɗauka, da jihar da za a fara kai wa taki. In lambar ta karkace to kuɗin ma ya karkace, kuma talaka ne a ƙauye zai ji a jikinsa. Wannan rubutu don kai ne da aka miƙa wa tebur da kwamfuta da tarin fayil aka ce ka gyara.

Kafin komai ka san wa ke da wace lamba. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ita ce ta kafa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, bayan an haɗe tsohon Ofishin Ƙididdiga na Tarayya da rumbun bayanai na ƙasa, kuma ita dokar ta ɗora wa alhakin daidaita aikin ƙididdiga a faɗin ƙasar nan. Amma fa ba ita ke samar da komai ba. Ƙidayar jama'a da rajistar haihuwa da mutuwa na Hukumar Ƙidaya ne, NPC. Lissafin kuɗi da canji na Babban Banki ne, bashin gwamnati na ofishin kula da bashi, DMO, kayan da ke shigowa da fita ta tasha kwastam ne ke rubutawa kafin NBS ta tace ta wallafa, haɗarin mota na hukumar kiyaye haɗura, layukan waya na hukumar sadarwa, NCC. To kai ma ka yi irin wannan rabon a gidanku. Ɗauki takarda ɗaya, ko shafi ɗaya na Excel, ka jera duk wata lamba da ma'aikatarku ke faɗa wa duniya, gaban kowacce ka rubuta sashen ko hukumar da ke fitar da ita, da jami'in da ke riƙe da ita, da lokacin da take fita, da inda asalin takardar take. Kana yin wannan za ka tarar da lambobi biyu ko uku da babu mai su, kowa yana maimaitawa a jawabin minista shekara da shekaru amma ba wanda ya san daga ina suka fito. Waɗannan ka ja musu layi, kada a ƙara amfani da su sai an gano tushensu.

Sai babban aikin, wanda shi ne ma dalilin da ya sa na zauna rubutun nan: ma'ana. Yawancin rigimar alƙaluma a ƙasar nan ba wai wani ya yi ƙarya ba ne, kowa da mudun da ya auna ne, kuma duk wanda ya taɓa sayen masara a Dawanau ya zo ya sake auna ta a kasuwar Wuse ya san abin da nake nufi. Duba maganar yaran da ba sa zuwa makaranta. UNICEF ta daɗe tana cewa miliyan 10.5, UNESCO kuma a 2022 ta ce wajen miliyan 20, mutane suka yi ta cacar baki a Facebook, alhali lissafin farko na yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14, na biyun kuma ya kama daga shekara 6 har 18. Ga kuma tambayar da ta shafe mu kai tsaye a Arewa, almajirin da ke tsangaya yana makaranta ko ba ya makaranta? Yarinyar da ke zuwa Islamiyya kawai fa? Duk amsar da aka zaɓa za ta iya motsa lambar sosai, kuma in ma'aikatar ilimi ta zaɓi ɗaya, hukumar ilimin bai ɗaya ta zaɓi ɗaya, jiha ta zaɓi wata, to har abada ba za a taɓa samun lamba ɗaya ba.

Haka rashin aikin yi. NBS ta ce kashi 33.3 cikin ɗari ne a wata ukun ƙarshe na 2020, sai ga shi a 2023 ta fito da kashi 4.1 na wata ukun farko na shekarar, jama'a suka ce wannan wasa ne da hankali. Abin da ya faru shi ne an canza ma'auni, a da sai mutum ya yi aikin awa 20 a mako kafin a cire shi daga marasa aiki, sabon tsarin kuma na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, wanda ya yi ko awa ɗaya a mako don samun kuɗi ana lissafa shi cikin masu aiki. Ana iya jayayya kan ko wannan ma'aunin ya dace da mu, ni ma ina da ja a kai, domin mai tallan ruwan leda na awa biyu a Mararaba ba zai ce maka yana da aiki ba. Amma abin da ya shafe ka a nan shi ne, lambobin biyu ba a jera su a layi ɗaya a ce an samu ci gaba, kuma duk ranar da kuka canza ma'auni ku faɗa da babbar murya tun kafin lambar ta fita, ba bayan an fara zagi ba.

To yaya za ka yi a aikace? Ka kira duk masu riƙe da lambobin nan ɗaki ɗaya, ba sai an kama otal ba, ɗakin taron ma'aikata ya isa. Ku ɗauki lambobi goma mafi muhimmanci kawai, kada ku ce sai ɗari. Kowacce a rubuta mata rabin shafi: me ake ƙirgawa, wa ya shiga wa bai shiga ba, da me ake rabawa, wane lokaci ta ƙunsa, shekarar kasafi ce ko shekarar karatu. Ka gayyato mutum ɗaya daga NBS ya zauna tare da ku don kada ku ƙirƙiro ma'anar da ta saɓa da ta ƙasa. In an gama babban sakatare ya sa hannu, a raba wa kowa, a kuma manna a shafin intanet na ma'aikata. Za a yi gardama sosai, musamman wanda sabuwar ma'anar za ta rage masa lamba, ka yi haƙuri ka bar su su yi, gardamar nan ita ce aikin.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ɓata aiki fiye da yadda ake zato, sunayen wurare. Ƙananan hukumomi 774 ne, kuma wasu sunansu ɗaya. Akwai Bassa a Filato akwai Bassa a Kogi, akwai Obi a Binuwai akwai Obi a Nasarawa, akwai Nasarawa a Kano akwai ta jihar Nasarawa, Surulere ma biyu ce, Legas da Oyo. Wani ya rubuta Barkin Ladi wani Barikin Ladi, Qua'an Pan kuwa kowa da yadda yake rubuta ta. In ka ce kwamfuta ta haɗa fayil biyu da suna, sai ta zuba makarantun Kogi cikin Filato ba tare da ta ce maka uffan ba. Ku yi amfani da lamba ga kowace jiha da ƙaramar hukuma da gunduma, kowace makaranta da asibiti ma su samu tasu lambar da ba ta canzawa ko an canza suna, kuma jerin ya zama ɗaya tak, mutum ɗaya ke da ikon gyara shi.

Daga nan ka bar ofis. Wallahi wanda bai taɓa ganin inda lamba ke fitowa ba bai kamata ya sa hannu a kanta ba. Ba nisa, ka shiga mota zuwa Kwali ko Kuje ko Abaji ka zauna a ƙaramin asibiti ranar awo. Za ka ga ma'aikaciya ɗaya, mata sun cika benci, tana gwada hawan jini tana ba da magani tana kuma rubutu a manyan rajistoci, na awo daban, na rigakafi daban, na masu zuwa ganin likita daban. Ƙarshen wata ta zauna ta ƙirga layi-layi da biro ta cike fom ɗin taƙaitawa, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma shi kuma ya shigar a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, daga can ne lambar ke hawowa har teburinka. In rajista ta ƙare ba a kawo sabuwa ba littafin makaranta za ta saya ta ja layi da kanta. In wata ƙungiya ta zo da nata fom ɗin, an ƙara mata aiki ke nan, tambaya ɗaya ta amsa ta sau uku. Ka ce mata, “Hajiya, a cikin takardun nan wanne ne ba ki taɓa jin an yi amfani da shi ba?” Za ta nuna maka, kuma yawanci gaskiyarta ne. Duk abin da ba wanda ke karantawa a cire shi daga fom, gajeren fom da aka cike da gaskiya ya fi dogo da aka cike da ka.

Kuma don Allah ku riƙa mayar musu da sakamako. Shafi ɗaya ya isa, ga yadda asibitinku ya yi a wata ukun nan, ga na maƙwabtanku, a tura ta WhatsApp ma ya yi. Mutumin da ya san ana duba abin da ya rubuta hannunsa daban ne.

Maganar yawan jama'a kuwa sai haƙuri. Ƙidaya ta ƙarshe ita ce ta 2006, mutum 140,431,790, wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 kuma aka ɗage ta. Duk wani kaso da kake lissafawa yau a kan hasashe yake tsaye, kuma gari irin Abuja da unguwanninta kamar Lugbe da Kubwa da Karu sun canza fiye da yadda hasashe zai iya kamawa, shi ya sa za ka ga wata ƙaramar hukuma ta yi wa yara fiye da kashi ɗari rigakafi a takarda. Ba za ka iya gyara wannan daga teburinka ba. Abin da za ka iya shi ne duk sassan ma'aikatarku su ɗauki hasashe ɗaya, na NPC, su kuma rubuta a ƙasan kowane jadawali cewa da shi aka yi lissafi.

Jihohi ba yaranka ba ne, ka riƙe wannan. A kundin tsarin mulki ƙididdiga na cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hannu a ciki tare, jihohi irin Kaduna da Kano da Filato suna da nasu hukumomin ƙididdiga, kuma wasiƙa daga Abuja mai cewa a turo bayani cikin kwana bakwai yawanci a fayil take kwana. Akwai kwamitin tuntuɓa na ƙasa kan ƙididdiga, NCCS, inda NBS ke haɗuwa da jihohi da ma'aikatu, ka tabbata ma'aikatarku na zuwa, kuma wanda ke riƙe da aikin ne ke zuwa ba wanda ake so ya samu alawus ba. A can za ka san takwaranka na Jos ko Lafiya ido da ido, ka karɓi lambarsa, ka tambaye shi me yake buƙata daga wurinka kafin ka faɗi naka. Sannan a rubuta yarjejeniya gajeriya, me za a turo, yaushe, a wane tsari, me za a mayar.

Sai ranar da lamba ba ta yi wa manya daɗi ba, kuma ranar za ta zo. Garkuwarka ita ce kalandar fitar da rahoto da aka wallafa tun farkon shekara, an ce rahoto kaza zai fita ranar kaza, kowa ya gani. In darakta ya ce a ɗan jinkirta ko a ɗan taɓa, ba sai ka yi faɗa ba, ka ce, “Ranka ya daɗe, ranar tana shafinmu tun Janairu, ga kuma yadda aka lissafa, in akwai kuskure a nuna mini in gyara a fili.” Ƙa'idojin ƙididdigar hukuma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1994, babban zaurenta ya amince da su a 2014, suna bayanka a kan wannan. A 2022 NBS ta fito ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, na cikin talauci mai fuskoki da yawa, lambar da ba gwamnatin da za ta so ji, amma ta fita, kuma har yau da ita ake muhawara. Irin wannan ne ke sa in gobe ka kawo labari mai daɗi a yarda da kai.

Sirrin mutane kuma amana ce. Sunan mara lafiya, lambar waya, lambar NIN, ba a tura su a guruf, ba a barin su a filashin da ke yawo ofis-ofis. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, dokar ƙididdiga ma ta hana bayyana abin da mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ya faɗa. Ka cire suna kafin ka ba kowa fayil, har da ɗan jarida da ɗalibin jami'a da ya zo da takardar neman bayani.

Kan kuɗi, ka yi ƙoƙari a saka aikin yau da kullum cikin kasafin ma'aikata, buga rajista, data ta intanet, man mota na zuwa duba aiki. Tallafin ƙungiyoyin waje yana da amfani ga manyan bincike irin MICS, mai duba halin mata da yara, da NDHS, mai duba yanayin jama'a da lafiyarsu, amma ana yin su ne bayan 'yan shekaru, kuma in aikin mai tallafi ya ƙare kwamfutocin hannu su kan koma kabad. Ƙidayar noma da aka yi a 2022 kusan shekara talatin aka yi ana jiranta, ma'aunin girman tattalin arziki ma da farashin 1990 aka yi ta lissafa shi, sai a 2014 aka sabunta shi zuwa na 2010, duk wannan jinkirin alama ce ta aikin da ba shi da gurbi tabbatacce a kasafi. Lokacin kare kasafi ka tafi da misali ɗaya na shawarar da aka yanke da lambarku, shi ke shiga kunnen 'yan kwamiti.

Ma'aikacin gwamnati kuma yau yana nan gobe an canza masa wuri. Duk abin da kuka yi, jerin lambobi, ma'anoni, lambobin wurare, sunayen mutanenka na jihohi, yadda ake lissafa kowane jadawali, a ajiye a kwamfutar ofis da kwafi a wani wuri daban, mutum biyu aƙalla su san kalmar sirri, kuma tun yanzu ka ja ƙaramin ma'aikaci ɗaya jikinka ya riƙa yin rahoton wata-wata da hannunsa kana dubawa.