Yadda ake gina rayuwar gasa a kokawar mata, a bi sawun Saori Yoshida

Idan ke yarinya ce mai sha'awar kokawa irin wadda ake yi a gasar Olamfik, ko kai uba ne ko koci da ke da yarinya a hannu, to akwai mace ɗaya da ya kamata a zauna a bi tafiyarta tun daga farko har ƙarshe, wato Saori Yoshida ta ƙasar Japan. Zinare uku ta ci a Olamfik, 2004 da 2008 da 2012, sannan gasar duniya sau 13 ba tare da ta faɗi a cikinta ko sau ɗaya ba daga 2002 zuwa 2015. Ni dai a ganina abin koyo a wajenta ba yawan lambobin ba ne, a'a yadda ta jera abubuwan ne ɗaya bayan ɗaya har ta shafe shekara goma sha wani abu a sama, kuma wannan jerin kowa zai iya ɗauka ya yi aiki da shi gwargwadon ƙarfinsa.

Ki fara sanin filin da za ki shiga. Kokawar mata a matakin duniya ba ta daɗe ba, sai a 1987 aka yi gasar duniya ta mata ta farko a ƙasar Norway, Olamfik kuwa sai 2004 a Atina aka buɗe musu ƙofa, shi ma da ajin nauyi huɗu kacal, kilo 48 da 55 da 63 da 72. Yoshida an haife ta a 1982, kin ga lokacin da ta fara hawa tabarma tana 'yar shekara uku babu ma gasar duniya ta mata balle Olamfik, mahaifinta Eikatsu ne wanda shi ma tsohon zakaran Japan ne ya koya mata a gida. Yanzu abu ya canza, aji shida ne a Olamfik, kilo 50, 53, 57, 62, 68 da 76, a gasar duniya kuma goma ne, an ƙara 55, 59, 65 da 72. Hukumar da ke riƙe da wasan ita ce United World Wrestling, da can FILA ake ce mata kafin 2014, kuma tana da gasar 'yan ƙasa da 17 da ƙasa da 20 da ƙasa da 23 kafin a kai ga manya. Idan ba ki fara da shekara uku ba kar ki damu, amma fa ki bi matakan nan, kar a yi miki gaggawar jefa ki cikin manya.

Dokoki kuma ki haddace su kamar sunanki, domin an sha cinye wasa da sanin doka kawai. Turmi biyu ake yi, kowanne minti uku, da hutun sakan 30 a tsakani. Kin kai abokiyar karawa ƙasa kin hau bayanta maki biyu, kin juya ta bayanta ya kalli tabarma maki biyu, kin ɗauke ta daga tsaye kin kai ta kan bayanta maki huɗu, in jifan ya yi sama sosai har biyar ana bayarwa, ta taka wajen da'ira maki ɗaya gare ki. Tazarar maki goma ta shiga tsakani wasa ya ƙare, haka in kin danne kafaɗunta biyu a ƙasa shi ke nan ko da maki nawa take gabanki. Sai kuma abin da sababbi suke mantawa, in rafali ya ga kina ja da baya ba kya kai hari zai gargaɗe ki, daga nan a ba ki sakan 30 ki ci maki, in ba a ci ba a ba wa ɗayar maki ɗaya. In kuma lokaci ya cika maki ɗaya kuke babu canjaras, za a duba wadda ta yi kaye mafi tsada, sai wadda ta fi ƙarancin gargaɗi, sai wadda ta ci makin ƙarshe, saboda haka kina iya ganin 4 da 4 a allo alhali ke ce a baya, dole ki san haka tun wasa bai ƙare ba.

To yanzu ga inda nake so a daɗe. Ki samu kamu ɗaya ki mai da shi naki. Yoshida duk duniya ta san abin da za ta yi, za ta nutsa ta kama ƙafafu biyu ta kai ki ƙasa, kowane koci ya sani, kowace abokiyar karawa ta kalli bidiyonta, amma duk da haka shekara da shekaru an kasa tare ta, dalili kuwa shi ne ba ta nuna alama kafin ta shiga, babu ɗaga kafaɗa babu ja da ƙafa baya, kina tsaye kawai sai ki ji ta a ƙafafunki. Yawancin masu koyo kafin su nutsa sai sun ɗan yi wani motsi, ko su kalli ƙafar da suke so ko su ɗan ɗago kafin su sauka, wannan ɗan motsin shi ne yake tona musu asiri. Yadda ake kashe shi, a sa waya ta ɗauke ki kina tirenin, ki zauna da kocinki ku rage gudun bidiyon ku nemo abin da jikinki yake yi kafin ki shiga, sai ki dinga maimaita shigar a hankali har motsin ya fita. Ki durƙusa da gwiwa ba wai ki sunkuya da baya ba, kai a sama, ƙirji ya manne da cinyarta, hannuwa a bayan gwiwoyinta, ƙafar baya ta biyo nan take ki tura ta gefe, kar ki tsaya a kan gwiwa kina jira domin a nan ake danne mutum. Ba lallai sai kamun ƙafa biyu ba, wata jikinta ya fi dacewa da ƙafa ɗaya, wata jifan hannu, amma dai ya zama akwai ɗaya da in an tashe ki daga barci za ki yi shi daidai. Na fi yarda da yarinyar da ta iya abu biyu sosai a kan wadda ta san ashirin sama-sama. Kuma duk kamun da kika zaɓa ki haɗa shi da abin da zai biyo baya a ƙasa, ko riƙon ƙugu ki mirgina da ita ko harɗe ƙafafu, saboda maki biyun kaye in aka bi shi da juyi biyu ya zama shida cikin 'yan sakanni.

Abu na gaba mutane ba su cika faɗa ba, babbar abokiyar gabarki ta farko tana cikin ƙasarku. A Olamfik da gasar duniya mutum ɗaya kowace ƙasa take turawa a kowane aji, kuma gurbin Olamfik na ƙasa ne ba na wadda ta samo shi ba. Yoshida kafin duniya ta san ta sai da ta sha fama da Seiko Yamamoto wadda ita ma zakarar duniya ce, ta sha kaye a hannunta, sai da ta iya wuce ta sannan ta samu zuwa Atina a kilo 55, inda ta doke Tonya Verbeek ta Kanada a wasan ƙarshe. Saboda haka kar ki guje wa wadda ta fi ki a gida, ki neme ta, in da hali ku yi tirenin tare. Yoshida jami'ar mata ta Chukyo ta je, wadda yanzu ake kira Shigakkan, kuma a nan Kaori Icho ma ta yi, wadda ta ci zinaren Olamfik huɗu a jere daga 2004 zuwa 2016. Ɗakin da zakaru suke gumi tare shi ne yake ƙara fitar da zakaru, in ke ce gwanar ɗakinku kullum kina kayar da kowa to lokaci ya yi da za ki nemi wani ɗakin.

Maganar nauyi kuwa don Allah a ɗauke ta da muhimmanci. Ki zaɓi ajin da yake kusa da nauyinki na gaskiya ki zauna a ciki. Yoshida ta yi shekara sama da goma a kilo 55, sai da aka canza ajujuwan bayan 2013 ta koma 53, kilo biyu ke nan kawai. Yanzu gasa kwana biyu ake yi kuma kowace safiya ana hawa sikeli, babu zancen ki ƙona jikinki yau ki cika ciki gobe. Kowa ya ga abin da ya faru da Vinesh Phogat ta Indiya a Paris 2024, ta kai wasan ƙarshe a kilo 50, washegari aka auna ta ta haura da giram 100, aka cire ta gaba ɗaya babu ko azurfa. Wallahi abin ya taɓa zuciya. Rage nauyi ta hanyar hana kai ruwa yana cinye ƙarfi yana kuma iya taɓa ƙoda, ga yarinya mai tasowa kuwa yana iya rikita al'ada da ƙarfin ƙashi, a nemi likita ko masanin abinci tun watanni kafin gasa. A wajen awon ana duba fata da farce, ki yanke farcenki, duk wani ƙurji ko makero ki yi maganinsa da wuri. Magani kuma ko na mura ne kar ki sha sai likitan tim ya duba, gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari ba ya jin ban sani ba.

A ranar gasa in kin faɗi kar ki tattara kayanki ki tafi. In wadda ta kayar da ke ta kai wasan ƙarshe za a dawo da ke ki nemi tagulla, kuma tagulla biyu ake bayarwa a kowane aji. Ta wannan hanya Sakshi Malik ta ci wa Indiya tagulla a Rio 2016 a kilo 58, ajin da Marwa Amri ta Tunisiya ita ma ta ɗauki tagulla ta zama mace ta farko daga Afirka da ta samu lamba a kokawar Olamfik, kafin Blessing Oborududu ta Najeriya ta zo ta ci azurfa a kilo 68 a Tokyo.

Sai kuma yadda ake shan kaye, wanda shi ma sai an koya. A watan Janairun 2008, saura 'yan watanni a je Beijing, Marcie Van Dusen ta Amurka ta doke Yoshida a gasar ƙungiyoyi ta cin kofin duniya a China, ta yanke mata nasara 119 a jere, kuma da kamun nata aka cinye ta, tana nutsawa ana juya ta. Ba ta watsar da kamun ba, komawa ta yi ta gyara yadda take ƙarasa shi, ta je Beijing ta doke Xu Li ta ɗauki zinare. A 2012 abin ya sake faruwa, Valeria Zholobova ta Rasha ta kayar da ita a watan Mayu, a watan Agusta ta ci zinare a Landan, a Satumba ta ƙara gasar duniya wadda ta sa ta wuce tarihin gwarzon ɗan kokawar Rasha Aleksandr Karelin, ta kai kambu 13 a jere in an haɗa Olamfik da gasar duniya, har gwamnatin Japan ta ba ta lambar girmamawa ta ƙasa a wannan shekarar. Abin da za ki ɗauka a nan shi ne, kin faɗi ki yi kukanki ba laifi, amma cikin satin nan ki zauna ki kalli bidiyon wasan, ki rubuta a wane minti aka ci ki da wane kamu da kuma inda hannunki da kanki suke, sai ki sa abokiyar tirenin ta dinga yi miki wannan abin har ki samo amsarsa.

Dokoki ma suna canzawa a ƙarƙashin ƙafarki. Zinaren Yoshida na 2008 da 2012 a ƙarƙashin tsarin turmi uku na minti bibbiyu ta ci su, inda wadda ta ci turmi biyu ta yi nasara, a 2013 bayan an kusa cire kokawa daga Olamfik aka koma tara maki gaba ɗaya aka mai da kaye maki biyu, ta ci gaba da cin gasar duniya a 2013 da 2014 da 2015, ta 2014 ɗin ma watanni kaɗan bayan rasuwar mahaifinta. Duk farkon kaka ki karanta dokokin da kanki kar ki jira a faɗa miki.

Kuma ki sani kina sama ana karantar ki. Helen Maroulis ta Amurka ta taɓa shan kaye a hannun Yoshida, ta koma ta yi shekaru tana nazarinta, ta sauko kilo 53 ta same ta a wasan ƙarshe na Rio 2016. Yoshida ce a gaba da 1 da 0 a turmin farko, a na biyu Maroulis ta kai ta ƙasa sau biyu aka tashi 4 da 1, ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta ci zinaren kokawa a Olamfik. In ke ce mai tasowa to ki yi irin na Maroulis, ki zaɓi sarauniyar ajinki ki san wace ƙafa take sawa gaba, da wane hannu take fara taɓawa, me take yi in an matsa mata a minti na biyar. In kuma ke ce a sama, kowace shekara ki ƙara wani abu sabo ko da ƙarami ne.

Ajiye takalmi ma a shirya masa tun ana kan ganiya, a haɗa karatu ko koyon aikin koci da gasar, domin gwiwa da kafaɗa da wuya ba sa ɗaukar wannan aikin har abada. Yoshida bayan Rio ba ta sanar da komai nan take ba, ta shiga taimaka wa horar da 'yan matan tawagar Japan, sai a watan Janairun 2019 tana da shekara 36 ta fito ta ce ta daina, duk da cewa saura shekara ɗaya da rabi a lokacin a yi Olamfik a Tokyo, a ƙasarta.