Yadda Za a Zauna Lafiya da Wutar Daji a Gefen Legas

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san cewa wutar daji tana da lokacinta kamar yadda damina take da nata. Da an kawar da amfanin gona ciyawa ta bushe, sai a fara hango jan haske da dare a bayan gari. Dajin ma ya saba da ita, domin kaɗanya da ɗorawa suna da kaurin ɓawon da ke kare su, gamba kuwa samanta kaɗai ke ƙonewa, saiwarta na nan da rai, ba da jimawa ba ta fitar da tohon da makiyaya ke nema wa shanunsu.

Abin da ke damuna shi ne yadda 'yan'uwanmu masu gadin filaye da masu lambu da masu kiwo a wajen Ikorodu da Epe da Badagry da Ibeju-Lekki suke ɗauka cewa tun da garin bakin teku ne, wuta ba ta da hanya. Alhali yawan ruwan da ake shatatawa daga Afrilu zuwa Oktoba shi ke sa ciyawar kango ta fi mutum tsawo, kuma idan iskar hunturu ta sauko tsakanin Disamba da Fabrairu, guntun taba ɗaya ko wutar masu farautar gafiya ya isa ya tayar da gobara.

Aikin farko na watan Nuwamba ne, tun ciyawa tana da sauran ɗanye. A sa adda da fartanya a share kewayen ɗaki ko garke ko lambu, faɗin taku biyar ko shida, har sai ƙasa ta fito fili, sannan a kwashe abin da aka sare a kai shi nesa, domin ciyawar da aka tara a jikin ɗakin katako ta fi wadda ke tsaye haɗari. Galan ɗin fetur na janareta ko na babur kada ya kwana kusa da wurin girki ko bakin jeji. A ajiye duro cike da ruwa, da bokitin yashi. Wannan shara ba ta mutum ɗaya ba ce, sai an yi magana da maƙwabta, Hausawa ko Yarbawa, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake yi.

Batun cinna wuta da gangan shi ne inda aka fi yin kuskure. Shawarata ita ce a bar shi, musamman kusa da bututun mai irin waɗanda suka ratsa Ijegun da Abule Egba, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko bakin titin Legas zuwa Ibadan inda hayaƙi ke rufe wa direbobi ido. Amma manomin da ba shi da makawa ya san cewa lokaci shi ne komai. Wutar farkon rani, da yamma bayan iska ta kwanta, tafiya take a hankali, ba ta kashe itatuwa, kuma tana cinye ciyawar da za ta ciyar da muguwar wutar Fabrairu. 'Yan asalin Ostareliya sun shafe dubban shekaru suna ƙona dajinsu kaɗan-kaɗan ta wannan hanya, kuma bayan gobarar 2019 zuwa 2020, wadda ta cinye gidaje fiye da 3,000 a ƙasar, an sake waiwayar dabarar tasu. A ƙona ɗan yanki, a fara daga ɓangaren da iska ke nufa domin wutar ta tafi tana fuskantar iskar, mutane na tsaye da ɗanyun rassa, kuma kowa ya zauna har ta mutu.

Idan wuta ta taso, a kira lambar agajin gaggawa ta Legas, 767 ko 112, tun tana ƙarama. A fara fitar da yara da tsofaffi, a kwance dabbobi daga turke. Kada a gudu a gabanta, domin tana bin iska kuma ta fi sauri a hawan tudu. A ratse gefe, ko a koma inda ya riga ya ƙone, da jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, a kuma cire rigar roba wadda ke narkewa a fata. Bayan ta lafa, a zagaya a zuba wa kututture da tarin kashin shanu ruwa, domin sukan riƙe garwashi a ciki har washegari, iskar asuba ta sake hura shi.