Kurakuran da aka fi yi wajen auna hasken gamma na tsohon makamashin nukiliya

Najeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya, amma a jihar Kaduna akwai NIRR-1, ƙaramin injin nukiliya na bincike a cibiyar binciken makamashi ta CERT a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ya fara aiki a 2004, a 2018 kuma aka cire tsohon makamashinsa aka mayar da shi ƙasar Sin. Don haka ɗalibin fiziks na nan ba zai rasa haɗuwa da wannan awo ba, ko da a takarda ne.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne mantawa da shekarun da sandunan makamashin suka yi suna hucewa a cikin ruwa. Ana gane yawan ƙonewar makamashi ta gwada Cs-134 da Cs-137, nau'o'i biyu na sinadarin siziyom da ke taruwa a cikinsa. Shi Cs-137, mai layi a 662 keV (wato ƙarfin hasken gammansa kamar yadda na'ura ke nunawa), sai ya yi kusan shekara 30 kafin rabinsa ya tafi. Cs-134 kuwa, mai layuka a 605 da 796 keV, shekara 2 da 'yan kai ta ishe shi. Bayan shekara 10 kusan kashi ɗaya cikin 30 ne kawai yake ragewa. Wanda bai nemi ranar da aka fitar da sandunan ba, bai mayar da lissafinsa zuwa ranar ba, zai rantse makamashin bai ƙone ba. In sandunan sun tsufa sosai, a koma ga Eu-154, nau'in sinadarin yurofiyom mai layi a 1274 keV, ya fi jimiri.

Sai masu matso da na'ura kusa don ƙidaya ta yi yawa. Zari ne kawai. Na'urar HPGe, wato mai auna gamma da tsantsar jamaniyom, tana shaƙewa, siginoni su hau juna, layuka su baje. A ja da baya, a matse kafar kolimeta (garkuwar da ke taƙaita hasken da ke shiga na'urar), a sa farantin dalma a tsakani. Kada kuma a kunna na'urar kafin ruwan naitirojin ya gama sanyaya ta.

Awo daga gefe ɗaya ma ruɗi ne. Yuraniyom na da nauyi, sandunan waje suna tare hasken na ciki, kuma tsakiyar sanda ta fi bakunanta ƙonewa. A auna ta kowace kusurwa, daga sama har ƙasa.

In an ga layuka a 1173 da 1332 keV, Co-60 ne, nau'in kobalt daga ƙarfen da ke riƙe da sandunan, kada a sa shi cikin lissafin ƙonewa.