Yadda Ake Neman Taimakon Kula da Tsoho a Landan da Abin da Ake Biya

A gida, idan tsufa ya kama uwa ko uba, ɗawainiyarsu takan rarrabu a tsakanin 'ya'ya da surukai da jikoki, har maƙwabta sukan leƙo. A Landan abin ba haka yake ba, domin kowa yakan fita aiki tun da sassafe, gidajen ƙanana ne, wasu ma a saman bene suke, sai a wayi gari Hajiya ta faɗi a makewayi babu kowa a kusa, ko Baba ya fita masallaci ya kasa gane hanyar komawa. A irin wannan lokaci iyalai da yawa sukan fara tambayar farashin gidajen kula da tsofaffi, alhali ba daga nan ya kamata su fara ba.

Ku fara da ƙaramar hukumar da tsohon yake zaune. Landan tana da ƙananan hukumomi 32, ban da tsohon birnin da ke tsakiya, kuma kowacce tana da sashen kula da manya. Dokar Kulawa ta shekarar 2014 ta wajabta musu su duba buƙatun duk wani babba da ake ganin yana buƙatar taimako, kyauta, ko mai dukiya ne ko ba shi da ko sisi. Ku da kanku za ku iya neman wannan dubawa ta waya ko ta intanet, likitan unguwa ma yana iya tura sunan.

A nan ne kawaicinmu yake cutar da mu. Jami'a za ta tambayi Hajiya yadda take fama, ita kuwa sai ta ce lafiya lau, alhamdulillahi, ko da ta kwana uku ba ta iya yin wanka ba, kuma abin da ta faɗa shi za a rubuta. Saboda haka kafin ranar, ku ɗauki mako guda kuna rubuta abin da ya gagare ta: tashi daga gado, alwala, sa tufafi, shan magani a kan lokaci, hawa bene, farkawa cikin dare. Ɗayanku ya zauna a wurin, ya bayyana yadda ranar da jiki ya fi matsa mata take, ba ranar da ta samu sauƙi ba. Idan Turancinta bai yi ƙarfi ba ku nemi tafinta tun da wuri. Ku kuma sa a rubuta a cikin tsarin kulawar cewa mace ce za ta yi mata wanka, abincinta na halal ne, kuma tana kiyaye lokutan salla, domin abin da bai shiga takarda ba da wuya a tuna da shi daga baya.

Sakamakon dubawar ba lallai ne ya zama barin gida ba. Sau da yawa masu kulawa ne za su riƙa zuwa gida sau biyu ko uku a rana. Akwai kuma matsakaicin tsari, inda tsoho yake da nasa ɗaki da kicin da makullinsa a cikin gini mai ma'aikata dare da rana, yana biyan haya da kuɗin hidima da kuɗin kulawa daban-daban; a ganina wannan ya fi dacewa da dattijon da ba ya son a riƙa juya shi. Sai gidan kula da tsofaffi sosai, wanda a Landan yakan haura fam 1,000 a mako ga mai biya daga aljihunsa, ya kuma fi haka tsada idan da nas-nas a ciki. Wasu abubuwa kyauta ne: taimakon farfaɗowa na har mako 6 bayan sallama daga asibiti, da ƙananan gyare-gyaren gida da ba su wuce fam 1,000 ba, kamar ƙarfen dafawa a makewayi.

Bayan an tabbatar da buƙata sai a duba dukiya, kuma dukiyar tsohon kaɗai ake dubawa, ba ta 'ya'yansa ba. A Ingila, wanda ya mallaki fiye da fam 23,250 shi zai biya kuɗin gidan kulawa gaba ɗaya. Wanda abin hannunsa bai kai fam 14,250 ba, ba za a taɓa ajiyarsa ba, amma za a karɓi mafi yawan fanshonsa, a bar masa ɗan kuɗin kashewa, wanda ya kasance fam 30.65 a mako a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026. A tsakanin waɗannan iyakoki biyu, ana lissafa masa fam 1 a mako a kan kowane fam 250. Misali, mai ajiyar fam 20,000 ya haura ƙaramar iyakar da fam 5,750, don haka zai ƙara fam 23 a mako a kan abin da ake cira daga fanshonsa. Tun 2010 ba a ɗaga waɗannan iyakoki ba, kuma shirin da aka yi na tsayar da abin da mutum zai kashe a kan kulawa a rayuwarsa a fam 86,000 gwamnati ta soke shi a watan Yulin 2024, don haka kada kowa ya gina lissafinsa a kansa.

Gida ko fili da tsoho ya mallaka a Kano ko Kumasi ko Yamai yana cikin dukiyar da ake lissafawa, kuma ɓoye shi ba dabara ba ce. Haka nan idan aka gaggauta mayar da gida ko kuɗi ga sunan 'ya'ya bayan ciwo ya bayyana, ƙaramar hukuma tana da ikon ɗauka kamar dukiyar tana hannun mai ita.

Gidan da yake zaune a ciki a Landan kuwa ba ya shiga lissafi muddin a gida ake kula da shi. Ko ya koma gidan kulawa, ba a lissafa gidan idan matarsa ko mijinta na ciki, ko wani ɗan'uwa mai shekara 60 zuwa sama, ko mai naƙasa. Idan babu ko ɗaya daga cikinsu, ana kawar da kai daga gidan na mako 12 na farko, bayan haka ana iya ƙulla yarjejeniyar jinkirta biya, wato hukuma ta biya yanzu ta karɓi kuɗinta idan an sayar da gidan. Wannan bashi yana ɗauke da kuɗin ruwa, don haka iyalin da abin ya dama su tuntuɓi malami kafin su sa hannu.

Kafin ku biya komai, ku tambaya ko an duba cancantarsa ta samun NHS Continuing Healthcare, tsarin da hukumar lafiya take ɗaukar nauyin kulawar gaba ɗaya, ba tare da duba dukiya ba, idan asalin buƙatar ta rashin lafiya ce mai tsanani. Samunsa yana da wuya, amma ba kowane jami'i ne zai ambata muku shi ba. Akwai kuma Attendance Allowance, alawus ga wanda ya kai shekarun fansho kuma yake buƙatar taimako saboda rashin lafiya ko naƙasa, wanda ya kasance fam 73.90 ko 110.40 a mako a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, shi ma ba ruwansa da dukiya. Ɗa ko 'yar da take kula da tsoho awa 35 a mako tana iya neman Carer's Allowance idan albashinta bai wuce iyakar da aka sa ba. Sai dai wanda takardar zamansa ta hana shi cin kuɗin gwamnati kada ya nemi waɗannan alawus, domin hakan na iya ɓata masa izinin zama; ya fara ganin lauyan shige da fice.

Idan ta kai ga zaɓen gidan kulawa, ku karanta rahoton hukumar CQC mai sa ido a kansu, sannan ku je da kanku lokacin cin abinci, ku ga abin da ake zubawa a faranti, ku tambayi yawan ma'aikatan dare. Idan gidan da kuke so ya fi abin da hukuma za ta biya tsada, za a nemi wani daga cikinku ya riƙa cika gibin, kuma kuɗin yakan ƙaru duk shekara, saboda haka kada babban wa ya sa hannu don kunya sai 'yan'uwa sun yi magana sun raba nauyin. Tun tsoho yana cikin hayyacinsa ku yi rajistar takardar wakilci ta dindindin, wadda take ba wani da tsohon ya zaɓa ikon yanke shawara a madadinsa, ɗaya ta kuɗi ɗaya ta lafiya, domin in mantuwa ta yi nisa sai an bi ta kotu. Ƙungiyoyin Age UK da Citizens Advice suna taimakawa wajen cike takardu kyauta, kuma idan ba ku gamsu da hukuncin ƙaramar hukuma ba, ku fara kai ƙorafi gare ta a rubuce, in ba ta gyara ba ku wuce ofishin mai sauraron koke-koken ƙananan hukumomi da kula da jama'a.