Yadda ake haɗa gilashin ƙara girma a gida da ɗigon ruwa da zaren kwalba

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo a layinmu a Agege. Ranar da gilashinsa na ido ɗaya ya faɗa kwata, ban ga ya tashi daga tebur ba. Sai ya yanko siririyar wayar wuta, ya lanƙwasa bakinta ya zama zobe da bai kai ƙwayar wake ba, ya tsoma a kofi, ɗigon ruwa ya maƙale a ciki, ya kanga a ido ya karanta lambar batir. Na ce, "Baba, wannan kuma wane siddabaru ne?" Ya ce, "Yaro, ai kumburin ne ke aiki, ba gilashin ba."

Gaskiyarsa. Duk abin da haske ke ratsawa, in yana da tudu, zai karya hasken ya tara shi wuri guda. Kuma gwargwadon ƙanƙantar ƙwallon ruwa ko na gilashi, gwargwadon ƙarfinsa.

Fara da ta Baba, tunda ba ta cin ko kwabo. Naɗa wayar a jikin ƙusa don zoben ya fito daidai, ka ɗan shafa masa man basilin, ka ɗiga ruwa mai tsabta. Riƙe shi a kwance a kan rubutu, kana ɗagawa a hankali har haruffan su fito ɓaro-ɓaro. Illarsa rawa: ko numfashi ka yi da ƙarfi hoton ya tarwatse. Amma danshin Legas na taimaka mana, don a Kano lokacin hunturu kafin ka gyara zama ya bushe.

In babba kake so, nemi gorar ruwa mai santsi, wadda kafaɗarta ba ta da zane. Yanko faifai biyu masu girma ɗaya daga kafaɗar, ka haɗa su baki da baki cikinsu na kallon juna, ka liƙe gefen da gam mai haɗi biyu, ka bar 'yar kafa. Bayan ya bushe ka ɗura tafasasshen ruwan da ya huce da sirinji, ka toshe. Ni dai ba na yabonsa sosai. Ya isa karanta takardar magani, amma gefensa na murɗe rubutu, kuma nawa na farko da na cika da ruwan rijiya gansakuka ta cinye shi.

Wanda ya cancanci wahala shi ne na zaren kwalba, wato gilashin da aka narkar aka ja ya zama zare. Robert Hooke na Ingila ya bayyana dabarar tun 1665, kuma da 'yan ƙananan gilasai masu ƙwaya ɗaya Antonie van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a garin Delft na Holan, ya ga ƙwayoyin cuta a 1676. Je kasuwar Idumota wajen masu kayan asibiti ka sayi siraran bututun gilashin nan da ake ɗibar jini da su a ɗakin gwaji. Sababbi fa, na cikin kwalinsu, kada ka karɓi wanda aka taɓa amfani da shi.

Kunna murhun gas, ka sa tabarau don kare ido. Riƙe bututun ta baki biyu, ka sa tsakiyarsa a shuɗiyar wuta kana murzawa. Da ka ji ya saki kamar alewa, fitar da shi daga wutar tukuna, sannan ka ja hannuwanka. Nan ne kowa ke kuskure: in ka ja yana cikin wuta, tsinkewa zai yi. Zai miƙe ya zama zare kamar gashi. Karya shi biyu, ka kai bakin ɗaya gefen harshen wutar. Za ka ga bakin yana naɗewa yana zama ɗan ƙwallo. Ci gaba da tura zaren kana juyawa har ya kai ƙwayar gero. Kada ka yi haɗamar girma, don in ya yi nauyi zai zazzago ya zama kamar hawaye. Yi goma, ka duba su da tocila, ka zubar da masu kumfa a ciki. In ka samu biyu masu kyau, ka gode Allah.

Sai mazauni. Yanko ɗan falle daga gwangwanin lemo, ka huda da allura, hudar ta ɗan gaza ƙwallon. Ɗora shi a kai, ka kama jelar zaren da salatif, kada yatsa ya taɓa ƙwallon. Manna fallen a kan kyamarar wayarka, ƙwallon ya daidaita da tsakiyar idonta.

Ƙwallo mai faɗin milimita 2 zai iya ƙara girman abu wajen sau 160, sai dai dole abin ya matso kusan rabin milimita, kuma haske ya fito ta ƙarƙashinsa. Shi ya sa za ka ajiye wayar a kan littattafai, ka riƙa cire ko ƙara takarda ɗai-ɗai maimakon riƙewa da hannu. Ni da albasar kasuwar Mile 12 na fara: na ɓare siririyar fatar nan ta ciki, na shimfiɗa a kan farar roba mai ratsa haske da ɗigon ruwa, na kunna tocila a ƙasa. Ɗakunan ƙwayoyinta suka fito jere kamar bulo a katanga.

Kada a kalli rana da ɗaya daga cikinsu, kuma kada a bar na gora a bakin taga, yana iya ƙona katifa. Wanda idonsa ya fara hazo kuwa, asibitin ido zai nufa a auna masa tabarau.